Gwiwar Loko da Muƙamuƙin Guduma

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar a firamare a Samarun Zariya, na yi faɗan da har yau tabonsa ke leɓena na sama. An kaɗa ƙararrawar tara, ruwan safe bai gama tsanewa ba, filin makaranta duk ya zama taɓo, ƙananan yara na ta tsallake kududdufai da takalmansu a hannu. Muka fito ni da Ngozi, ƙawata da muke zama benci ɗaya tun aji biyu, muka sayi dafaffiyar gyaɗa wurin masu talla a bakin shingen waya na makaranta, muka nufi gindin darbejiya inda mazan ajinmu suka yi da'ira suna ta hayaniya. Gardamar dambe suke yi. Wani yaro mai suna Sani ya bi yayansa PZ, unguwar kantuna, ranar Asabar, ya tsaya ƙofar shagon masu sayar da talabijin, ya ga kaset ɗin zakaran damben Turawa na duniya, na ajin manya masu nauyi. Yana ta kwatanta kaurin wuyan mutumin da hannu biyu, yana rantsuwa da Allah wai tun da aka fara dambe ba a taɓa yin mai duka irinsa ba, kuma ba za a sake yi ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Ko abin bai shafe ni ba ba na iya shiru, balle wannan da ya shafi gidanmu. Kakana na wajen uwa, Baba Tsoho, mahauci ne a kasuwar Sabon Gari, kuma a zamaninsa ɗan dambe ne da ake wa laƙabi da Guduman Jushi, da sunan unguwarsu. Na kutsa cikin da'irar na ce wa Sani ya rufe mana baki, wanda ya gani a talabijin ai katifa yake sawa a hannu ya yi duka, in ya faɗi ma a tsaya ana lallashinsa da ƙirge har ya tashi. Na ce da zai haɗu da kakana yana kan ganiyarsa, ko turmin farko ba zai ƙarasa ba. Sannan na kawo hujjar da nake ji a gida tun ina goye: ai an taɓa kawo wa Guduma wani ƙaton ɗan damben Turawa, ma'aikacin jirgin ƙasa, ana ce masa Loko, bugu ɗaya ya yi masa a kunne ya kai shi ƙasa. Ban rufe baki ba na ji an fizge gyaɗar daga hannuna. Ngozi ce, idonta ya kaɗa ya yi ja. "Loko kakana ne," in ji ta, "kuma shi ya sumar da mahaucin, sai da aka zuba masa ruwa."

Tabɗi! Shekara uku muna cin abinci kwano ɗaya ba mu san da wannan a tsakaninmu ba. Na ce ƙarya take yi, ta ce ni ce uwar maƙaryata, maza suka buɗe mana fili suna tafi. Zuciya ta ɗebe ni na hankaɗe ta da ƙarfina duka, santsin taɓo ya taimake ni, gwiwarta ta dama ta taɓa ƙasa. A gidanmu kowa ya san ma'anar wannan: a dambenmu na gargajiya duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, magana ta ƙare. Don haka na ɗaga hannu sama, na juya mata baya, ina taku ɗai-ɗai ina jiran shewa. Ashe Ngozi ta miƙe. Ta zagayo ta gabana, ta dunƙule hannu yadda aka koya mata a nasu gidan, ta sauke mini shi a baki. Na zauna daɓas cikin taɓo, jini ya ɓata mini gaban riga. Malamin lissafi ya zo da bulala ya sa muka durƙusa a ƙofar ofis har aka tashi, yana kai da kawo yana faɗin, "'Ya'ya mata! A kan damben da aka yi tun ba a haifi iyayenku ba!"

Gidanmu na haya ne a bayan kasuwar Samaru, ɗaki biyu da rumfa, rijiya ɗaya muke sha da iyalai huɗu. Umma na ganin rigata ta saki muciya ta yi salati, ta ce ita dai ta san mace ta haifa, ba ta san ɗan tauri aka ba ta ba. Ta dafa ruwa da gishiri ta zaunar da ni a kan turmi tana gasa mini bakin, ina ihu tana faɗa. Cikin ihun na samu na tambaye ta ko da gaske ne an taɓa zuba wa Baba Tsoho ruwa. Hannunta ya ɗan tsaya, sannan ta ce ita lokacin ba ta zo duniya ba, in yi shiru in buɗe baki. Wannan 'yar tsayawar ta fi ruwan zafin yi mini ciwo. Da la'asar Babanmu ya dawo daga gonar gwaji ta jami'a inda yake tuƙa tarakta, ya zauna a tabarma da rediyonsa, ya ji labari ya yi dariya har da buga cinya. Na matsa masa ya gaya mini tsakanin Guduma da na talabijin wa ya fi. Ya ce mutanen da a ƙafa suke zuwa dambe gari-gari, fura ce abincinsu, na yanzu kuwa da likita da sikeli da mai horarwa, ta ina za a haɗa su? Na ce wannan ai ba amsa ba ce. Ya ce in kiyaye shi, in je in kwashe shanya kafin hadari ya sauko.

Washegari na tarar Ngozi ta ja layi da alli a tsakiyar bencinmu. Na ɗauko nawa allin na ƙara wa layin kauri, don kada ta ɗauka abin ya dame ni. Ya dame ni kuwa. Ngozi a Sabon Gari take zaune, a gidan kakan nata, kullum da safe babanta da ke aiki a jami'a yake kawo ta a babur. Ita ta koya mini wasan tafi da tsalle da suke kira tenten, ni na koya mata carafke da 'yar gala-gala. Takan zo da soyayyar ayaba a ɗan kwanonta, ni in zo da ɗanwake ko ɗumamen tuwo, mu haɗa a bayan aji mu cinye. Lissafina ita ke dubawa, Hausarta ta rubutu ni ke gyarawa, duk da a baki ta fi wasu 'yan gidanmu iya zagi. Yanzu ga mu kafaɗa da kafaɗa daga safe har azahar, ko biro ya faɗi ɓangaren ɗaya sai dai a ture shi da ƙafa. Wata yarinya Blessing ta fara raka ta sayen gyaɗa, ina kallonsu ta wutsiyar ido kamar in fashe. Sai na ji labari wai Ngozi ta roƙi malama a sauya mata benci in an dawo hutu. Saura mako uku a yi hutun. Na san halina, na san nata, in aka rufe makaranta ba mu shirya ba, shi ke nan na rasa ta.

To amma ta yaya zan shirya da wadda ta ce an sumar da kakana? In na ba ta haƙuri na yarda ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san Ngozi ba ta ƙarya, ko bulala za ta sha. Kwanakin nan ban zauna wuri ɗaya ba. Aka aike ni niƙa na dawo ba murfin roba. Aka sa ni talge na bar shi ya yi gudaji. A 'yar gonar da Babanmu ke nomawa a hanyar dam, ana cirar ciyawa na dinga tumɓuke gyaɗa tare da ciyawar, har yayana ya jefe ni da hoge. Duk babban da na gani sai na tare shi da tambaya: mai faci na bakin titi, mai shayi, maigadin makaranta, tsohon da ke yankan farce a ƙofar masallaci. Guduma ko na talabijin? Tsofaffi suka ce Guduma, ai yaran yanzu kumburi ne kawai. Samari suka ce na talabijin, ai mutanen da ƙwarewa ce ba su da ita. Na lura tsofaffin ba su ga na talabijin ba, samarin kuma ba su ga Guduma ba, amma kowa rantsuwa yake yi. Game da Loko kuwa, sai kowa ya kawar da kai ya ce abin ya daɗe.

Ranar Asabar na nace sai na bi Umma Sabon Gari. Muka shiga bas, kwandasta ya cusa mu mu biyar a kujerar mutum huɗu, ni a cinyar wata mata mai kwandon tumatir. Da muka sauka PZ na ja hannun Umma har ƙofar shagon da Sani ya faɗa. Yara da 'yan dako sun cika wurin, ana ta Turancin buroka da Hausa a haɗe, na kutsa ta ƙarƙashin hammatar mutane na leƙa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mutumin nan bai fi ƙiftawa kaɗan a fili ba ya yi wa wani dogo bugun da ya naɗe shi a jikin igiya. Daga nan muka shiga kasuwa, layin mahauta, ga Baba Tsoho a bayan teburinsa, siriri, ƙeya duk furfura, yana kora ƙuda da tsumma yana zolayar wata mai sayen hanta. Na tsaya ina dubansa, ina ƙoƙarin ajiye shi kusa da na talabijin a cikin kaina, abin ya ƙi zama. Ban taɓa ganinsa yana dambe ba. Abin da na sani kawai zarensa, igiyar da yake naɗe hannun hagu da ita, wadda ke rataye a ƙusa a ɗakinsa ta yi baƙi, da kirarin da kawuna ke yi masa ranar salla.

Bayan azahar ya rufe tebur muka tafi gidansa a Jushi. Ya zauna a zaure ya miƙe ƙafa, ya ciro goro da ɗan magoginsa, don tun da na san shi ba ya tauna goro sai ya goga. Ya dubi leɓena ya ce, "Amarya, wa ya riga ni taɓa ki?" Ban yi dariya ba. Na zayyana masa komai, tun daga Sani har durƙuson ƙofar ofis, na ce kuma na kashe ta, gwiwarta ta taɓa ƙasa kowa ya gani, ta tashi ta yi mini na matsorata. Baba Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Umma ta kawo ruwa. Da ya lafa sai ya shiga juya magogin a hannu. Ya sa aka kira masa sunan yarinyar sau biyu. Sannan ya ce wa Umma ta shiga ciki, zai yi magana da amaryarsa.

Ya ce a lokacin mahauta da ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi wata da watanni suna gardama a kasuwa kan wane dambe ne na gaskiya. Mahauta na cewa a kawo wanda zai tsaya wa Guduma, 'yan jirgi na cewa suna da Loko, wanda ya gama da duk masu nauyin da aka kawo masa daga Kaduna da Kano. A ƙarshe aka sa rana, wata Lahadi da la'asar, a filin da ke bayan gidajen ma'aikatan jirgi. An yi shawara kan komai: wurin tsayawar mata, wanda zai share fili, shi ya sa zarensa, Loko ya sa safar hannunsa. Mahauta suka zo da masu kalangu, 'yan jirgi suka zo da mai ƙararrawa. Abu ɗaya ne ba wanda ya tayar da zancensa, wato yadda dambe ke ƙarewa, don kowane ɓangare ya ɗauka wannan ai ko yaro ya sani. Suka zagaya juna, suka zagaya, ya samu hanya ya sauke hagunsa a kunnen Loko, gwiwar Loko ta taɓa ƙasa. Kalangu ya ɓarke, shi kuma ya ɗaga hannu ya juya wajen makaɗa. Yana jin 'yan jirgi suna ƙirge da ƙarfi, ya ɗauka wata waƙa ce tasu ta baƙin ciki. Kafin su kai shida Loko ya miƙe ya zagayo ta gabansa. "Daga nan," in ji Baba Tsoho, "sai na farka a wannan zauren, rigata sharkaf."

Aka kaure da faɗa a filin, 'yan doka suka watsa taro. Mahauta suka koma suna cewa an yi kisa, abin da ya biyo baya ha'inci ne. 'Yan jirgi suka koma suna cewa an ƙirga goma mahauci bai motsa ba. An so a sake, sai shekarun tashin hankali da yaƙin basasa suka zo, Loko ya kwashe iyalinsa ya tafi garinsu, da ya dawo kuwa dukansu sun bar dambe. Kowane gida ya riƙe rabin da ya yi masa daɗi yana ba 'ya'yansa. Ni dai na cika na yi fam. Na ce to wa ya ci? Ya ce shi ya ci mana. Na ce Loko fa? Ya ce shi ma ya ci, a wurin mutanensa. Na miƙe tsaye na ce wannan zancen banza ne, ba a cin dambe mutum biyu, kuma me ya sa aka ɓoye mini zancen ruwan har na je na zubar da mutuncina a makaranta? Na fashe da kuka, na ce ga shi yanzu ba ni da ƙawa, saboda shi. Bai tsawata mini ba. Ya ce ya san gidan Loko, shekara da shekaru yana kewaye layin in zai wuce, ba don tsoro ba, don bai san da wace fuska zai shiga ba. Ya ce in dawo Asabar mai zuwa da wankakkiyar riga.

Makon nan ya yi mini tsawo. Ga jarrabawa, ga layin alli, ga maganar da ke cina ba ni da wanda zan gaya wa. Sau biyu na buɗe baki zan ce wa Ngozi muna zuwa gidansu, girman kai ya mayar da maganar. Ranar Asabar Baba Tsoho ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zaɓi wutsiyar sa mai kyau ya naɗe a takardar buhun siminti ya ba ni in riƙe. Muka bi ta cikin Sabon Gari a ƙafa, muna tsallake kwatoci da ruwan sama ya cika, ta gaban masu walda da masu ɗinki da wani coci da ake koyon waƙa a ciki. Sau uku yana tsayawa wai zai gyara takalmi, alhali ba abin da ya samu takalmin. Gidan dogo ne mai ɗakuna a jere da famfo a tsakar gida. A barandar farko wani tsoho na zaune a kujerar katako, ƙato har a tsufansa, ya ɗaura zane, ƙafafunsa sun kumbura. Baba Tsoho ya tsaya ya yi sallama. Tsohon ya ɗaga kai ya daɗe yana duban hannun hagun kakana kafin ya dubi fuskarsa. "Guduma," ya ce. "Ka daɗe a hanya."

Aka kawo kujera. Kakar Ngozi ta karɓi wutsiyar tana ta godiya da Hausarta mai daɗi, ta kawo goro a faranti da gauta. Loko ya ɗaga goron ya yi addu'a da yarensu, ya fasa, ya miƙa wa baƙonsa. Baba Tsoho ya laluba aljihu ya ciro magogi. Loko ya tambaye shi ko haƙora ne suka ƙare, ya ce haƙora na nan, muƙamuƙin ne, tun ranar nan bai sake tauna abu mai tauri ta dama ba, mahauci guda sai an yanka masa nama ƙanana kamar na yaye. Loko ya karkato ya ce ya sake faɗa ta wannan gefen, wancan kunnen ai tun ranar nan ya rufe, har ƙarar jirgi ba ya ji da shi. Suka dubi juna, suka tuntsire da dariya, Loko na share hawaye da gefen zanensa. Ya ce ya yi dambe da mutanen da ba zai iya ƙirgawa ba, fuskar ko ɗaya bai riƙe ba, amma wannan hagun kullum yana tare da shi. Baba Tsoho ya ce shi ma duk wanda ya tambaye shi waye ɗan dambe, a ransa Loko yake gani, bakinsa ne bai taɓa yarda ya faɗa ba.

Ina tsugune gefe, na ga Ngozi ta leƙo daga bayan labule ta koma. Na kasa haƙuri, na tsoma baki a maganar manya, abin da Umma ta hana ni tun daga gida. Na ce to tsakaninsu da na talabijin ɗin PZ fa, wa ya fi? Loko ya ce jikokinsa sun kai shi ya gani, yaron na da sauri, yana da ƙarfi, ba a raina shi. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ya dubi Baba Tsoho, Baba Tsoho ya ɗaga kafaɗa. "'Yata," in ji Loko, "ba mu sani ba. Bai taɓa dukanmu ba. Je ki nemo wanda ya daka ki tambaye shi." Na ce to su biyun fa, yau dai a faɗi wanda ya ci. Baba Tsoho ya ce shi ne. Loko ya ce ƙarya yake yi, shi ne. Suka ci gaba da cin goronsu hankali kwance, suka koma zancen wane ya mutu wane yana raye, suka bar ni da baki buɗe.

Haushi ya ishe ni na tashi na bi ta tsakar gida. Ngozi na tsugune bakin famfo da tulin kwanoni, ta juya mini baya tana ta dirzar tukunyar da ta riga ta fita. Na tsaya a kanta, duk kalmomin da na shirya a bas suka gudu. Na daɗe a tsaye har wata mata ta zo ɗibar ruwa ta tafi. Can na ce, "Ni fa ban ce kin ci ba." Ba ta juyo ba ta ce, "Ni ma ban ce kin ci ba." Sannan ta tura mini robar ruwa da ƙafa ta ce, "To ɗauraye mana, kin tsaya mini a kai kamar sanda." Na tattare rigata na tsuguna. Tana wankewa ina ɗaurayewa, ba wadda ta dubi wata, hawaye na ɗiga mini cikin robar ina cewa kumfa ce ta shiga mini ido. Kafin mu gama kwanonin ta ba ni labarin yadda Blessing ke cinye mata gyaɗa ba ta taɓa saye ba, na ce ai maganinta ke nan. Ranar Litinin da gefen hijabina na goge allin.

Yau ni ce malama a wata firamare a nan Samaru, ni ke sa yara durƙuso in sun yi faɗa. 'Ya'yana maza biyu kullum suna kan waya suna gardamar dambe. Suna da hoton kowane bugu, su mayar da shi baya, su rage masa gudu, su auna tsawon hannu da nauyin jiki, kuma duk da haka ihun da suke yi bai bambanta da na gindin darbejiya ba. Zakaran da ya firgita ni a PZ shi ne yanzu na da, ƙaramin yana raina shi, babban yana kare shi. In suka juyo gare ni in raba gardama sai in ce su bar ni, ban sha dukan ko ɗaya ba. Damben bayan gidajen jirgi kuwa ba wanda ya ɗauki hotonsa, filin ma shaguna ne yanzu. Tsofaffin nan sun yi 'yan shekaru suna cin goro tare duk Asabar kafin Allah ya ɗauke su, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya janye maganarsa.

Ngozi ta yi aure can kudu, na fi shekara ashirin ban sa ta a ido ba. Takan kira ni da salla, in kira ta da kirsimeti. A kiran da ya wuce tana ba ɗanta labarin kakanninmu, ta tsaya ta tambaye ni me ake ce wa zagaye a dambenmu. Na ce turmi. Sai ta ce, "Kai Ramatu, Zariya na zubewa daga bakina." Na ce in ta ga dama ta manta Hausa duka, amma kada ta kuskura ta gaya wa yaron nan kakanta ne ya ci. Ta ce ai ta riga ta gaya masa. Muka yi ta yi har katinta ya ƙare, na zauna riƙe da waya a hannu, gidan ya yi mini shiru. Mu biyu kaɗai muka rage da muka ji labarin nan daga bakin masu shi, kuma ko a tsakaninmu bai zama ɗaya ba. Kewar abokiyar gardamata nake yi.